Kwad mai ambiriyaj a hannu ko semi-otomatik: wanne ya dace da ƙasarmu ta Ader?

Tambayar da ake ta jayayya a kanta a fada da garajin masu gyaran moto nan Tawa ita ce, in mutum zai sayi kwad, wato moton nan mai taya huɗu da ke shiga rairayi da duwatsu, wanne ya kamata shi ɗauka, mai ambiriyaj a hannu ko wanda ake ce ma semi-otomatik? Samari dai sun riga sun yanke hukunci, wai semi na mata ne da ƴan koyo, ba shi da ƙarfi, namiji sai mai damƙa. Wasu kuma su ce ai mai damƙa wahala ce kawai, kullum inji na mutuwa, gara semi tunda shi ba shi da ambiriyaj bare ya lalace. To duka ɓangarorin biyu akwai inda suka kauce, kuma wanda zai fidda kuɗinsa shi ne zai sha wahalar kaucewar, don haka bari mu warware abin daki-daki.

Mi ambiriyaj ke yi tukuna

Inji in ya tashi ba ya tsayawa, juyawa yake ko kana tsaye wuri guda. Taya kuwa wani lokaci dole ta tsaya. Ambiriyaj, ko kuloci kamar yadda maƙwabtanmu na Najeriya ke cewa, shi ne ke tsakanin su biyun, ya haɗa su in za a tafi, ya raba su in za a tsaya ko za a canza bites. A cikinsa diski ne jere, ɗaya na ƙarfe ɗaya mai fata-fata, resor na matse su, kuma duka suna jiƙe cikin man inji. Kana damƙe hannun hagu waya ta ja, diskin su saki juna. Duk wanda ya taɓa hawa Boxer ko Kasea ya san wannan, ba sai an daɗe a kai ba.

Semi ba marar ambiriyaj ba ne, biyu ma gare shi

Nan ne babban kuskuren yake. Abin da babu a semi shi ne hannun damƙa, amma a yawancinsu in makaniki ya buɗe murfin injin za ka ga ambiriyaj har biyu.

Na farko yana kan sandar inji, wasu ƴan ƙarafa ne masu nauyi da fata a bayansu, resor ya riƙe su a ciki, sannan wani kwano na ƙarfe ya kewaye su. In inji na tafiya a hankali resor ya fi ƙarfinsu, suna nan a lafe ba su taɓa kwanon ba, shi ya sa kana iya sa bites ka tsaya inji bai mutu ba. Da ka ba shi wuta juyin ya ƙaru sai ƙarafan su buɗe su watsu waje, kamar yadda dutse ke neman tserewa in kana kaɗa majajjawa, su dafe kwanon su ja shi, kwad ya tashi. Ka saki wuta su koma. Ba waya, ba lantarki, ba kwamfuta, juyi ne kawai ke aikin.

Na biyun kuma diski ne sak irin na mai damƙa, sai dai maimakon hannu, ƙafarka ce ke buɗe shi ba ka sani ba. Lokacin da ka taka ko ka ɗaga sandar bites, kafin bites ɗin ya shiga akwai wani ƙarfe da ke tura diskin su saki, kana sakin ƙafa su sake kamawa. Shi ya sa ake cewa ka sassauta wuta kafin ka canza, in ba haka ba ka ji ya yi wata irin zabura. Akwai kuma wani ɗan boris mai juyawa gefe guda wanda ke sa inji ya riƙe kwad a gangara, in ya mutu sai ka ji kwad na sulalewa kamar an bar shi firi.

Wannan fasaha ba sabuwa ba ce. Honda ta fito da ita a moton Super Cub tun 1958, kuma zuwa 2017 an ƙera irinsa sama da miliyan 100. Yamaha Mate da iyayenmu suka hau da ƙananan motocin Sin da ke cike da gari waɗanda ake taka bites ba damƙa, duk wannan hikimar ce. Kenan wanda ke cewa semi sabon abu ne mai wuyar gyara bai lura ba ne, abin na ƙofar gidansu.

Akwai na uku, kuma masu sayarwa na cakuɗa su

Wani zai nuna maka kwad ya ce otomatik ne, wani ya ce semi ne, alhali abu biyu ne daban. Cikakken otomatik irin su Polaris Sportsman, Yamaha Grizzly, Can-Am Outlander da yawancin CFMoto ba a canza bites ko kaɗan, bel ne na roba tsakanin wasu faifai biyu da ke buɗewa da tsukewa, kai dai ka zaɓi gaba ko baya ka danna wuta. Daɗin tuƙi kam ba a magana, amma bel na tsoron zafi da ruwa, in ya tsinke maka tsakanin Abalak da wani ƙauye ba wanda zai ɗinke shi. Hanya mai sauƙi ta ganewa, duba gefen ƙafar hagu, in akwai sandar bites kuma babu damƙa a hannu to semi ne. Sai dai wasu Honda an maida sandar ta zama maɓalli biyu a hannun hagu, suna ce mishi ESP, shi ma semi ne, ƙaramin moter na lantarki ke taka maka bites ɗin.

Ba ambiriyaj kaɗai kake zaɓa ba

Abin da ƴan fada ba su cika faɗi ba kenan, kuma a ganina shi ne zuciyar maganar. Ba ka samun kwad guda a ce maka ga shi da damƙa ga shi babu, zaɓi. Kamfanonin sun raba gida biyu tun da daɗewa.

Asalin abin daga Honda ne a 1970, da wani mai taya uku da ake kira ATC90, kuma da semi ya fito. Suzuki ce ta fara kawo mai taya huɗu, LT125, a farkon shekarun 1980, sannan a 1988 aka daina sayar da sababbin masu taya uku a Amurka saboda yawan kifewa da mutane. Daga nan hanya ta rabu. Manoma da makiyayan can suka rungumi na aiki, matasa suka rungumi na tsere.

Na tseren su ne masu damƙa: Yamaha Banshee 350, Blaster 200, Raptor 700, YFZ450, Honda TRX400EX da TRX450R, Suzuki LTZ400. Ba su da nauyi sosai, Raptor 700 bai kai kilo 200 ba, tayoyin baya kaɗai ke ja, da sarƙa suke tafiya, ba wurin ɗaura kaya, wasu ma irin Banshee da Blaster ko bites ɗin baya babu, in ka shiga lungu sai ka sauka ka ja shi da hannu. A gasar Dakar, wadda a da take ratsa Agadas da Tenere kafin a ɗauke ta daga Afirka, tun da aka ware ma kwad rukuninsa a 2009 har zuwa 2024, shekarar ƙarshe ta rukunin, Raptor ne ya yi ta lashewa. To ka ga inda samari suka samo hujjarsu, kuma a fagen gudu ba su yi ƙarya ba.

Na aikin kuma su ne semi: Honda Recon 250, Rancher 420, Foreman, Yamaha Big Bear, Kawasaki Bayou, Suzuki Ozark. Sun fi nauyi, manyan na kusan kilo 300, maimakon sarƙa sandar ƙarfe ce a rufe ke kai ƙarfi ga taya, da yawa ana iya sa tayoyi huɗun duka su ja, akwai wurin ɗora kaya gaba da baya da wurin ɗaura amalanke. Rancher misali an ƙayyade mishi kilo 30 a gaba, 60 a baya, ya kuma ja kusan 385 a amalanke. A lura da wannan 60 ɗin, babban buhun albasa irin na Galmi ya wuce shi nesa, don haka buhu a amalanke ake sa shi ba a bayan kujera ba.

Saboda haka maganar wai semi ba shi da ƙarfi ba ta tsaya ba. An gina shi ne don ja a hankali, ɗayan kuma don gudu. Ka ɗaura ma Raptor amalanken taki ka ga yadda diski za su ƙone kafin ka kai gona.

Rairayi, dutse, laka

Ƙasarmu ba iri guda ba ce. Wanda ke wajen Keita da Buza duwatsu da hawa da gangara ne abincinsa, wanda ke arewa wajen Abalak da Cintabaraden rairayi, masu lambu a Badagishiri da kwarin Maggiya kuma laka da kori in damina ta sauka.

A rairayi mai zurfi mai damƙa na da fa'ida ta gaske. Rairayi na son inji ya riƙa kuka sama, da juyi ya faɗi ka nutse. Mai damƙa in ya ji inji na neman shaƙewa a tsakiyar tudu sai ya ɗan taɓa hannun da yatsa biyu, inji ya farfaɗo, ya saki, kwad ya ci gaba, duk cikin ƙiftawar ido ba tare da ya canza bites ba. Mai semi ba shi da wannan, dole ya sauko bites, kuma a daidai lokacin da ƙafa ta buɗe diskin gudu na raguwa. Gwanaye na da wata dabara, su riƙe sandar bites a take, su ba da wuta, sannan su saki, amma wannan cin amanar inji ne in aka maida shi ɗabi'a. Abin da ke ceton semi a rairayi shi ne tayoyi huɗu masu ja da kuma zaɓen bites tun kafin a shiga.

A duwatsu kuwa labari ya juye. Ka ɗauka kana hawan wata hanyar dutse da jarkokin ruwa a baya, tafiyar ba ta fi ta ƙafa ba, taya na hawa dutse tana sauka. Mai damƙa hannunsa na hagu na aiki ba hutu, rabin kamu rabin saki, yatsan dama na kan wuta, ƙafar dama na jiran birki, jiki kuma dole ya karkata gaba. Kuskure kaɗan inji ya mutu, kwad ya fara komawa baya, kuma abin da tsoro ke sa mutum yi shi ne ya taka birkin baya da ƙarfi, nan take gaba ya ɗaga ya kife a kansa. Littattafan kamfanonin da kansu na gargaɗi a kan haka, in kana komawa baya a tudu birkin gaba ake kamawa. Semi ba ya mutuwa a irin wannan wuri, ka saki wuta ya tsaya inji na aiki, hannun hagun da babu damƙa kuma an ba shi birki. Ga mai aiki wannan kaɗai ya isa hujja.

Laka dai ba ruwanta da ambiriyaj, tayoyi nawa ke ja da tsayin ciki daga ƙasa su ne magana.

Bari in ɗan kauce. Tayar kwad iska kaɗan take so, wajen bar 0,3, tana da laushi in ka danna da hannu. Mai faci da bai saba ba zai cika ta tam kamar ta moto, daga nan kwad ya riƙa tsalle yana nutsewa a rairayi, mai shi kuma ya zo yana zagin ambiriyaj.

Abin da ke kashe kowanne

Mai damƙa mai shi ne ke kashe shi, ta hanyar ɗora hannu a kan damƙar kullum ko barin waya ta yi tsauri ba sarari. Ana son ɗan wasa a bakin hannun kafin ya fara ja, a yawancin Honda milimita 10 zuwa 20. Waya na tsinkewa, diski na cinyewa, amma duk gyara ne da kowane yaron garaji ya iya.

Semi kuwa yana da wata cuta da ba ta nuna kanta da wuri. Mai damƙa in ka tashi da bites na 3 inji zai mutu, ya koya maka hankali nan take. Semi ba zai mutu ba, zai lallaɓa ya tashi, sai mutum ya ɗauka ai lafiya lau, ya bar shi a 3 ko 4 yana yawo cikin rairayi da kaya. Alhali a ciki ƙarafan nan ba su kama kwanon da kyau ba, gogawa kawai suke suna zafi. In aka buɗe irin wannan injin za ka ga kwanon ya yi shuɗi-shuɗi saboda wuta, fatar ƙarafan ta yi santsi tana ƙyalli, man kuma baƙi ƙirin yana warin ƙuna. Sai ka ji ana:

"Maigida, ai ni ban taɓa wahalar da shi ba, a hankali nake tafiya."

"Alhaji, a hankalin ne ya kashe shi. Da wane bites kake tashi?"

Dokar ɗaya ce, a tashi da 1, in akwai kaya ko rairayi a zauna a ƙananan bites inji na kuka, kukan ba ya cutar da shi kamar shaƙewa.

Sai maganar mai, wadda ta shafi duka biyun. Tunda diski cikin man inji suke wanka, ba kowane mai ne ya dace ba. Man mota na zamani ana zuba mishi sinadarin ƙara santsi don rage shan isansi, wannan santsin kuwa shi ke sa diski zamewa. A duba bayan galan a ga an rubuta JASO MA ko MA2, in MB ne a ajiye shi, na sikuta masu bel ne. Man da ake aunawa a kwalba bakin hanya wanda ba a san asalinsa ba, wallahi arharsa tsada ce. Ga kuma zafinmu, a watan Afrilu da Mayu ana wuce digiri 40, da yawan waɗannan injina iska ce kawai ke sanyaya su, tafiyar aiki kuma a hankali ce iska ba ta bugun su, don haka bidanj da wanke matatar iska sai an riƙa yi kafin lokacin da littafi ya faɗa, musamman in hunturu ya taso da ƙura.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, semi ma ana saita shi. A jikin murfin injin akwai wani ɗan kusa da noti ya ɗaure, ana kwance notin, a juya kusan har a ji ya taɓo, a dawo da shi kaɗan, a ɗaure. Gefen da ake juyawa da yawan dawowar sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Sau da yawa kwad ɗin da bites ke shiga da ƙyar ko yake zabura wannan ne kawai matsalarsa, ba sai an sauke inji ba.

To wa zai ɗauki wanne

Ni dai a nawa ganin, mai lambu, mai kiwo, ma'aikacin da ke zagaya ƙauyuka, da gidan da mutum uku ko huɗu za su riƙa karɓa-karɓa, semi mai sandar ƙafa ya fi musu. Na ce mai sandar ƙafa da gangan, don mai maɓalli ya dogara da batir da wani ɗan na'ura mai gane inda bites yake, zafi na cin batir, kuma in na'urar ta rikice sai ka nemi wanda ya san ta. Wanda kuma nishaɗi ya kawo shi, yana son hawa tudun rairayi ranar hutu kuma ya riga ya iya moto, ya sayi mai damƙa, semi zai gundure shi cikin wata guda. Akwai ƴan tsaka-tsaki, Honda TRX250X na da damƙa amma inji ba ya mutuwa in ka tsaya, kamfanin Rekluse na Amurka kuma na ƙera ambiriyaj da ake sa ma na tsere ya daina mutuwa, sai dai wannan sai an yi oda daga waje.

Sauƙin semi na da nasa haɗari fa. Tunda ba ya buƙatar koyo sosai, sai a miƙa ma yaro makulli. A jikin manyan kwad akwai takardar gargaɗi cewa ƙasa da shekara 16 kar ya hau, kuma mai kujera guda ba a goyo a kai, tsawon kujerar don matuƙi ya riƙa matsawa gaba da baya ne. A kwalta ma ba ya jin daɗi, yawancinsu tayoyin baya a sanda guda suke suna juyawa tare, in ka sha kwana da gudu yana iya ɗaga ƙafa. Kaski kuma ba ado ba ne.

Kayan gyara, da abin dubawa in okaziyo ne

A Tawa wannan na iya rinjayar komi. Ƙananan kwad na Sin masu 110 da 125 injinsu ɗan gidan Cub ne, masu 200 da 250 masu damƙa kuma da yawa dangin injin CG ne irin na motocin da ke gari da dogon baro, kenan diski da waya da buji ana iya dacewa da su a kasuwa ko a Ƙonni. Ingancinsu bai kai na Japan ba, ƙafafu da walda na saurin gajiya, amma ba za su yi wata uku a jingine ana jiran kaya ba. Na Japan ya fi ƙarko nesa ba kusa ba, sai dai ranar da kwanon ambiriyaj ɗin Foreman ya ƙone sai an aika Yamai ko Kano ko ma waje. Kafin ka biya, ka je da makanikinka ya ga injin ya faɗa maka ko ya san inda zai samo kayansa.

In okaziyo ne kar ka yarda da gwajin zagaye guda a fili. Ka zo da safe inji na sanyi ka tada shi da kanka. A semi, sa bites na 1 ka saki wuta, bai kamata ya riƙa jan jiki ba, in yana ja ko dai an ɗaga kukan injin don ɓoye wata matsala ko resor sun saki. Ka hau har bites na sama ka danna wuta gaba ɗaya, in kuka ya tashi gudu bai ƙaru ba ambiriyaj na zamewa, wannan gwajin ya shafi mai damƙa ma. Ka nemi gangara ka saki wuta ka ji ko inji na riƙewa. Ka zaro sandar awon mai ka sansana. A mai damƙa ka ƙara da neman firi inji na aiki, in yana wahalar samuwa ko kwad na matsawa alhali ka damƙe har ƙarshe, diskin ƙarfen sun lanƙwashe ko kwandon da diskin ke ciki ya ci, a cire kuɗin gyaran daga farashi tun a wurin ciniki.